Daga Wauta Zuwa Jiri: Asali da Sauyin Ma'anar Kalmomin Dizzy da Giddy a Harshen Ingilishi

Tsakure

Wannan takarda ta bibiyi tarihin kalmomi biyu da masu magana da Ingilishi suke kamawa a yau idan jiri ya ɗebe su, wato dizzy da giddy. Shekaru dubu da suka wuce, a rubuce-rubucen da suka tsira, babu ɗaya daga cikinsu da take nufin jiri. Ta farko tana nufin wawa ne, ta biyu kuma tana nufin wanda wani abin bauta ya hau kansa. Takardar ta kawo hujjojin sauti da na tsofaffin rubuce-rubuce da suka tabbatar da wannan asali, sannan ta nemi dalilin da ya sa kalmomin biyu suka haɗu a ma'ana ɗaya. Matsayar takardar ita ce, kalmomin sun tashi ne daga bakin mai kallo, wanda yake yanke wa wani hukunci, suka koma bakin mai jin jiki, wanda yake kai koken kansa. An rufe da abin da wannan tarihi yake koya wa mai fassara da ma'aikacin lafiya.

1.0 Gabatarwa



Da wuya a sami harshen da ba shi da abin faɗa idan mutum ya ji ƙasa tana juya masa. Bahaushe yana da jiri da juwa da hajijiya. Balarabe yana cewa duwar, daga saiwar da ta ba mu kalmar da'ira. Rumawan dā suna cewa vertigo, daga aikatau vertere mai nufin juyawa. A Larabci da Latin dabarar a fili take: an dubi juyin ne aka raɗa wa ciwon suna. Ingilishi kuwa ya bi wata hanya dabam, domin kalmominsa na gida guda biyu ba su da alaƙa da juyi ko kaɗan a asalinsu.

Abin da ya sa wannan ya cancanci nazari shi ne, masana sauyin ma'ana sun daɗe da lura cewa ma'ana takan tashi ne daga jiki ta hau zuwa tunani. George Lakoff da Mark Johnson sun shimfiɗa wannan ra'ayi a 1980, Eve Sweetser kuma ta faɗaɗa shi a 1990 da hujjoji daga tarihin harsunan Turai. Hausa ma ta gaskata su. Da kunne ake ji, amma mukan ce wane yana jin Larabci. Da ido ake gani, amma mukan ce a ganina. Da hannu ake kamawa, amma mukan ce yaro ya kama karatu. A duk waɗannan aikin jiki ne ya riga, aikin ƙwaƙwalwa ya biyo baya. Dizzy da giddy kuwa, a zahirin abin da rubuce-rubuce suka nuna, sun faro ne daga halin hankali suka gangaro zuwa halin jiki.

Saboda haka takardar ta sa tambayoyi uku a gaba. Mene ne asalin kowace kalma, kuma me ya tabbatar da shi? Yaushe ma'anar jiri ta shigo? Me ya ja kalmomi biyu masu tushe dabam-dabam zuwa gurbi ɗaya?

2.0 Matakan Tarihin Ingilishi da Madogarar Bincike

Ana raba tarihin Ingilishi gida uku. Tsohon Ingilishi shi ne harshen ƙabilun Angul da Sakson da Jut, waɗanda suka ƙetaro daga gaɓar arewacin Jamus da Denmak a ƙarni na 5, kuma ana kai zamaninsa zuwa wajen 1150. Ingilishin Tsakiya ya ɗauka daga nan zuwa wajen 1500. A wannan zamani ne kalmomin Faransanci suka kwararo cikin harshen, sakamakon cin Ingila da Normandawa suka yi a 1066. Ingilishin Zamani ya fara kankama ne bayan William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, abin da ya taimaka wajen daidaita rubutu bisa karin Landan.

Takardar ta dogara da abin da manyan ƙamusoshin tarihi suka taskace: ƙamusun Bosworth da Toller na Tsohon Ingilishi na 1898, da babban ƙamusun Oxford wanda bugunsa na farko ya fito kashi-kashi daga 1884 zuwa 1928, da ƙamusun Ingilishin Tsakiya da Jami'ar Michigan ta kammala a 2001. Ƙa'ida ɗaya ce ya kamata a riƙe tun yanzu. Ranar da aka fara ganin ma'ana a rubuce ba ita ce ranar haihuwarta ba. Mafi yawan abin da ya tsira na Tsohon Ingilishi malaman coci ne suka rubuta shi, kuma wa'azi da fassara da tarihi suka fi damunsu. Abin da tsohuwa take faɗa idan ta miƙe tsaye ta ji kanta ya yi yawo bai cika shiga takardunsu ba.

3.0 Kalmar Dizzy

3.1 Siffarta

A Tsohon Ingilishi dysig ake rubutawa. Harafin y a wancan zamani wasali ne na gaba da ake furtawa da kewayayyun leɓɓa: mutum ya tsuke baki kamar zai ce u, sai ya ce i, irin wasalin da Jamusawa suke rubutawa ü. Baƙin s idan ya faɗo tsakanin wasula biyu z ake furta shi, don haka zz ta yau ba sabon sauti ba ce, rubutu ne ya cim ma furuci daga baya. Ɗafa-ƙeyar -ig kuwa ita ce ta sassauto ta zama -y da ake gani a ɗaruruwan sifofin Ingilishi.

Zuwa zamanin Ingilishin Tsakiya wannan wasali ya rabu gida uku bisa karin harshe. A arewa da gabashin tsakiyar Ingila ya zama i. A yankin Kent, kudu maso gabas, ya zama e. A yamma da kudu maso yamma ya riƙe kewayar leɓɓansa na wani lokaci, marubuta kuma suka rubuta shi da u bisa al'adar Faransanci. Shi ya sa ake tarar da disi da desi da dusi a littattafan Ingilishin Tsakiya, duk kalma ɗaya. Mai son ganin wannan rabuwa da idonsa ya dubi busy, wadda asalinta bysig: rubutunta na yamma ne, furucinta na gabas. Ya kuma dubi bury, mai rubutun yamma da furucin Kent. A dizzy, siffar i ce ta yi rinjaye a rubutu da furuci baki ɗaya.

3.2 Tsohuwar ma'anarta

Dysig na nufin wawa, marar hangen nesa. Tana da aikatau dysigian, aikata wauta, da suna dysignes, wauta. Misali mafi bayyana yana cikin fassarar Linjila da aka yi da karin Sakson ta Yamma wajen shekarar 1000. A babi na 25 na Linjilar Matiyu akwai labarin 'yan mata goma da suka fita taryen ango da fitilu, biyar suka tanadi mai, biyar ba su tanada ba. Da kalmar dysig mai fassarar ya siffanta biyar ɗin da suka yi sakaci. Da ita kuma ya siffanta mutumin da ya gina gidansa a kan rairayi a babi na 7. Babu wanda kansa yake juyawa a cikin waɗannan labarai. Laifinsu rashin tanadi ne, kalmar kuma zargi ce.

Idan aka dubi labarin 'yan matan a fassarar mabiya John Wycliffe ta wajen 1380, za a ga kalmar ta ɓace daga gurbin, fool ta maye ta. Fassarar Sarki James ta 1611 ma foolish ta sa. Fool baƙuwa ce daga Faransanci, tushenta follis na Latin, wato zugazugi ko jakar fata mai cike da iska. Cikin ƙarni biyu zuwa uku baƙuwar ta karɓe aikin 'yar gida.

3.3 Shigowar ma'anar jiri

Ɗaya daga cikin wurare na farko da aka ga kalmar da sabuwar ma'ana shi ne wata doguwar waƙar wa'azi ta arewacin Ingila mai suna The Prick of Conscience, wadda aka tsara wajen tsakiyar ƙarni na 14, aka kuma daɗe ana jingina ta ga Richard Rolle. Waƙar ta yaɗu ƙwarai, domin kwafinta na hannu fiye da ɗari sun tsira. A inda mawaƙin yake lissafa alamomin tsufa, yana bin jikin tsoho gaɓa-gaɓa yana nuna yadda kowace take raunana, sai ya siffanta kan tsohon da wannan kalma. A nan ba zargi ake yi ba. Ba a cewa tsohon ya yi sakaci, ana faɗin abin da shekaru suka yi wa kansa ne. Wurin yana da muhimmanci domin yana tsakiyar hanya: kan da ya raunana yana iya nufin tunanin da ya dusashe, yana kuma iya nufin kan da yake yawo. Irin wannan gurbi mai fuska biyu shi ne gadar da ma'ana take bi ta ƙetare.

Zuwa zamanin Shakespeare an gama ƙetarewa. A wasan King Lear, na wajen 1606, Edgar yana siffanta wa mahaifinsa makaho yadda mutum yake ji idan ya leƙa ƙasa daga ƙololuwar dutsen Dover, kuma dizzy ce kalmar da ya kama.

3.4 Abin da dangin kalmar suka nuna

Harsunan da suke dangi da Ingilishi suna da abin cewa. A tsohon Jamusanci tusig wawa ne, kamar dai a Tsohon Ingilishi. Amma a Jamusancin arewa düsig na nufin mai jin jiri, a Holanci duizelig haka take nufi, a harshen Denmak kuma døsig mai gyangyaɗi ne. Holanci yana da dwaas, wawa, wadda ake dangantawa da wannan zuriya. Wasu masana, irin su Julius Pokorny a ƙamusunsa na 1959, sun mai da su duka ga wata tsohuwar saiwa mai nufin hayaƙi ko ƙura ko hazo. Wannan mataki na ƙarshe hasashe ne na masana, amma abin da dangin suka nuna ba hasashe ba ne: wauta da jiri da gyangyaɗi sun daɗe suna zaune gida ɗaya a wannan zuriya. Mai yiwuwa ne ma'anar jiri ta kasance a bakin talakawan Ingila tun da wuri, rubutu ne bai kama ta ba.

4.0 Kalmar Giddy

4.1 Asalinta

Siffar Tsohon Ingilishi ita ce gidig, daga gydig. Masana suna sake gina tsohuwar siffarta a uwar harsunan dangin Jamusanci da gudigaz, wato saiwar gud-, abin bauta, da ɗafa-ƙeyar nan dai ta -ig. Saiwar ita ce ta haifi god. Ke nan ma'anar farko ita ce wanda abin bauta ya shige shi.

Mai sauraro zai tambaya: ina o ta god, ina i ta giddy? Amsar tana cikin nason wasali. A saiwar asali u ce. A kalmar god wasalin a da yake biye a dā ya jawo u ƙasa ta zama o. A gudigaz kuwa wasalin i na ɗafa-ƙeya ya jawo u gaba ta zama y, daga baya y ta zama i. Ba wannan kalma kaɗai abin ya shafa ba. Haka gold ta haifi gylden, na zinariya, haka fox ta haifi fyxen, wadda ta zama vixen, macen yanyawa.

4.2 Hujjar baƙin farko

Akwai wata kalma a Tsohon Ingilishi, giedd ko gidd, mai nufin waƙa, da aikatau giddian, rera waƙa. Wanda ya dubi rubutu kawai zai so ya ce daga nan giddy ta fito, tunda mai waƙa da mai rawar kai ba su da nisa. Amma kama da wane ba ta wane, kuma baƙin farko ne yake raba gardama.

A farkon Tsohon Ingilishi, g da k sun ganɗance idan suka zo kafin wasalin gaba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga manazarcin Hausa, wanda ya san yadda t take zama c a sata da sace, s take zama sh a ƙasa da ƙasashe, w take zama y a bawa da bayi. Ta haka geolu ta zama yellow, geard ta zama yard, cild ta zama child. Giedd ma ta bi sahu: a ƙarshen ƙarni na 14 Chaucer ya rubuta zuriyarta da y a farko, yedding, inda yake yabon gwanintar wani mai wa'azi wajen waƙe-waƙe a gabatarwar The Canterbury Tales. Da giddy 'yar wannan gida ce, da yau yiddy ake cewa.

Abin da ya tsare g ɗinta shi ne tsarin aukuwar sauye-sauyen. Ganɗantawa ta riga nason wasali. Lokacin da take aiki, wasalin da yake bin g a wannan kalma u ne, wasalin ƙurya, don haka ta tsallake ta. Sa'ad da u ta zama y, ganɗantawa ta riga ta wuce. Irin wannan ne ya bar g a guilt da girdle, ya kuma bar k a king, wadda asalinta cyning. Ke nan g ɗin da kowane mai magana da Ingilishi yake furtawa a giddy yau shaida ce cewa u ce a wurin a dā.

4.3 Hujjar rubuce-rubuce

Kalmar ba ta da yawa a Tsohon Ingilishi, amma inda ta fito yana da faɗakarwa. Aldhelm, shugaban gidan ibada na Malmesbury kuma bishop na Sherborne, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 8, ya rubuta littafi da Latin mai tsauri, har almajirai suka riƙa sa ma'anonin kalmomi da harshensu tsakanin layuka, kwatankwacin yadda ɗalibanmu suke yi wa littattafan Larabci ta'aliƙi da ajami. Arthur Napier ya tattara waɗannan ta'aliƙai ya buga a 1900. A cikinsu, a kan kalmar Latin lymphaticus, wani ya rubuta gidig. Lymphaticus na nufin wanda hankalinsa ya gushe, kuma Rumawa suna danganta ta da nympholeptos ta Girkanci, wanda aljanun ruwa suka kama. Wato mai ta'aliƙin ya ga kalmar shafar aljanu, sai ya amsa ta da takwararta.

Akwai kuma 'yar'uwarta a gini, ylfig, daga ælf, wani jinsin iskoki a imanin mutanen wancan zamani, wadda aka yi amfani da ita wajen fassara kalmar Latin ta mai farfaɗiya. Alaric Hall ya tattauna su biyun a littafinsa na 2007 kan iskoki a Ingilar Angul da Sakson. Ginin ɗaya ne: sunan abin da ba a gani, sai ɗafa-ƙeya, sai ma'anar wanda abin ya hau.

Wannan tunani ba na Ingila kaɗai ba ne. Girkawa suna da entheos, mai abin bauta a ciki, wadda ta haifi enthusiasm. Latin yana da fanaticus, daga fanum, ɗakin bauta. Larabci yana da majnun daga jinn. Bahaushe kuma yana cewa taɓaɓɓe, yana cewa mai iskoki, yana cewa an shafe shi. Al'ummomi masu nisa da juna sun dubi mutumin da ya fita hayyacinsa, suka ce ba shi kaɗai ba ne a jikinsa.

Daga nan kalmar ta yi ta sanyi. Wajen 1300 gidi na nufin wawa ko marar natsuwa. A ƙarni na 16 ma'anar jiri ta kafu, tare da ma'anar mai rawar kai wanda ba ya tsayawa a ra'ayi ɗaya. Da wannan ma'ana ta biyu Shakespeare ya yi amfani da ita a kashi na biyu na Henry IV, inda sarki yake yi wa ɗansa wasiyya game da fadawa masu saurin juyawa.

5.0 Me Ya Haɗa Su?

Dalili na farko shi ne matsin baƙin kalmomi. Kalma kamar mai rumfa ce a kasuwa: idan wani ya karɓe masa layi, ko dai ya naɗe kaya ko ya koma wani layin. Fool da foolish sun karɓe wauta, mad ta riƙe hauka, stupid ta shigo a ƙarni na 16. A ɗaya ɓangaren kuma akwai gurbi da yake buɗewa, domin tsohuwar kalmar jiri ta Tsohon Ingilishi, swima, tana ja da baya. Vertigo ta shigo ta littattafan likitanci tsakanin ƙarni na 15 da na 16, amma kalmar malamai ce, ba ta zama ta gida ba.

Dalili na biyu, wanda shi ne zuciyar wannan takarda, shi ne abin da ido yake gani. Mai kallo daga waje ba ya iya shiga kan wani. Abin da yake gani shi ne mutum yana tangaɗi, idonsa ba ya tsayawa, ana yi masa magana ba ya amsawa daidai. Wawa da mai iskoki da mashayi da mai jiri duk suna iya nuna wannan kama. Kalmar da aka ƙera don ɗaya tana iya rufe sauran.

Makiyayan Ingila sun bar mana hujja mai kyau. Akwai cutar tumaki da suke kira gid, sunan da aka yanko daga giddy wajen farkon ƙarni na 17. Tsutsar ciki ce ta kare, Taenia multiceps, take jawo ta. Tunkiya takan ci ƙwan tsutsar a ciyawa, sai ya yi ƙullutu mai ruwa a ƙwaƙwalwarta. Daga nan sai ta ware daga garke, ta karkatar da kai gefe ɗaya, ta yi ta kewaya wuri guda har ta faɗi. Makiyayin ba ya tambayar tunkiya me take ji. Abin da ya gani ya raɗa wa suna, kuma a wannan gani hauka da juyi abu ɗaya ne. Wani sunan cutar shi ne sturdy, daga estourdi ta tsohon Faransanci, wanda ya gigice; a yau kuwa sturdy tana nufin ƙaƙƙarfa.

Matakin ƙarshe shi ne sauyin mai magana. Dysig da gydig kalmomi ne da ake faɗa a kan wani. Da wuya mutum ya je wurin mai magani ya ce shi wawa ne. Amma da zarar kalmar ta rufe mai tangaɗi, sai mai tangaɗin da kansa ya ɗauke ta ya ce ga abin da nake ji. Daga wannan lokaci ta daina zama hukunci, ta zama koke. A nan ne aikin Elizabeth Traugott na 1989 yake da amfani, inda ta nuna cewa ma'ana takan matsa daga siffanta abin da yake waje zuwa bayyana halin mai magana na ciki. Da wannan ma'auni, kalmomin biyu ba su saɓa wa ɗabi'ar harshe ba.

Ya kamata a bambanta ƙarfin hujjar a kan kowace. Game da dizzy, dangi sun nuna cewa ma'anar jiki tsohuwa ce a zuriyar, don haka ba za a rantse cewa wauta ce ta riga ba. Game da giddy kuwa babu wannan shakka, domin saiwarta abin bauta ce, kuma jerin ma'anoninta a rubuce yake: shafa, hauka, wauta, jiri. Hanyar kuma ba ta tafiya ɗaya ba ce. Jamusanci yana da Schwindel, jiri, wadda ta ƙaro ma'anar damfara, har Ingilishi ya aro swindler daga gare ta a ƙarshen ƙarni na 18.

6.0 Kalmomin a Yau

Tsohuwar ma'ana ba ta mutu ba. Har yau ana kiran mai shiririta dizzy, kuma saboda barkwancinsa ne aka laƙaba wa mabushin jaz na Amurka, Gillespie, wanda ya rayu daga 1917 zuwa 1993, wannan suna. Giddy kuma ta fi karkata ga wanda murna ta ɗebe, ko da yake a Birtaniya da Indiya ana jin giddiness a matsayin koken rashin lafiya.

A asibiti ne faɗin ma'anar yake zama matsala. Sai a 1861 Prosper Ménière ya nuna wa likitocin Paris cewa jiri mai juyi yana iya tasowa daga cikin kunne, ba daga ƙwaƙwalwa ba. A can ciki akwai bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa. Idan yaro ya yi hajijiya ya tsaya cak, ruwan yakan ci gaba da motsi na ɗan lokaci, sai kunne ya ce ana juyawa alhali ƙafa tana tsaye. Amma ba kowane jiri ne wannan ba. A 1972 David Drachman da Cecil Hart suka kasa abin da majinyata suke nufi da dizzy gida huɗu: juyi, da jin za a suma, da rashin daidaito wajen tafiya, da wani yawon kai marar takamaiman siffa. Kowanne yana nuni ga sashen jiki dabam, daga kunne zuwa zuciya zuwa jijiyoyi. A 2007 David Newman-Toker da abokan aikinsa suka gano cewa kusan rabin majinyata sukan sauya nau'in da suka zaɓa idan aka sake tambayarsu bayan 'yan mintoci.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin da Ingilishi ake rubuta katin majinyaci a asibitocin Nijeriya. Mace takan ce jiri yana ɗibarta idan ta miƙe, wata ta ce ɗaki ne yake juya mata idan ta juya a kan gado, wani ya ce duhu-duhu yake gani. Idan duk aka dunƙule su a kalma ɗaya a kati, an zubar da bayanin da mai ciwo ya kawo da harshensa. Ya fi kyau a rubuta yaushe abin yake zuwa, me yake tayar da shi, da tsawon lokacin da yake ɗauka.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa dizzy ta fito daga dysig, wawa, giddy kuma daga gydig, wanda abin bauta ya hau, kuma hujjar sauti da ta rubutu sun haɗu a kan haka. Ta nuna cewa matsin baƙin kalmomi da kamannin da mai kallo yake gani su ne suka kusanto da su ga jiri, sannan mai jin jiki ya karɓe su ya mai da su nasa. Asalin kalma ba shi ne ma'anarta ta yau ba, amma yakan bayyana dalilin da ya sa gefunanta suke da faɗi.

Ina kira ga manazarta Hausa da mu yi wa jiri da juwa da hajijiya irin wannan bibiya. Muna da ƙamusun Schön na 1876, da na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, muna da rubuce-rubucen ajami na magunguna, muna kuma da kare-karen harshe daga Sakkwato zuwa Damagaram. Abin lura tun yanzu shi ne, a Hausa jiri ne yake aikatawa: shi yake ɗiba, shi yake kwasa, shi yake kayarwa. Gano lokacin da wannan gini ya samu, da yadda kowane yanki yake rarrabe kalmomin uku, aiki ne da zai amfani mai ƙamus da mai fassara da likita baki ɗaya.